Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya: Jawabi ga Shugabannin Ciniki

Abin da ya tara mu yau shi ne mu duba wahalolin da ke gaban mai ciniki a shekara mai zuwa, domin kowa ya yi shiri tun da sauran lokaci. Kowane ɗayanku kuwa ba kansa kaɗai yake ɗauke da shi ba. Bayansa akwai yaran shago, da 'yan dako, da direbobi, da iyalansu, waɗanda in jarinsa ya karye, tukunyarsu ce za ta bar tafasa.

Maganar da nake so ku riƙe ita ce, a wannan zamani jarin mutum yana iya narkewa alhali shi yana tsammani riba yake ci. Babu abin da zai nuna masa gaskiya sai lissafi.

Darajar Kuɗi

Kun dai tuna ran 29 ga Mayu, 2023, aka janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura naira 1,000. A watan Yuni na 2023 Babban Banki ya sakar wa kasuwa ta yanke farashin dala. Dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460, sai ga ta ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. A watan Disamba na shekarar nan, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100.

To, mece ce ma'anar wannan ga mai shago? Ga misali. A ce mutum ya saro buhu 100 a kan naira 30,000 kowane ɗaya, ya sayar a kan 36,000. Ya ƙirga kuɗinsa ya ga naira 3,600,000, ya ce ya ci ribar 600,000. Da ya koma sari sai ya tarar buhu ya zama 45,000. Kuɗin nan nasa duka, uwa da riba, buhu 80 kaɗai za su saya. Ashe ba riba ya ci ba, buhu 20 ya yi hasara. In kuwa ya riga ya taɓa abin da ya kira riba, ya yi biki ko gini, to, lalle uwar kuɗin ya ci.

Saboda haka ku riƙa auna jarinku da haja, watau da buhu, da dila, da kwali, ba da yawan takardun naira ba. In za ku yanka wa kaya farashi, ku fara tambayar nawa za ku sake saro irinsu yau.

Faɗuwar Farashi

Kada kuma wani ya ɗauka farashi hawa kaɗai ya sani. A watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage kuɗin kwastan na kwana 150 a kan masara, da alkama, da wake, da wani nau'in shinkafa. A cikin 2025 farashin hatsi ya sauko ƙwarai. Waɗanda suka cika sito da kaka suna jiran tsadar bazara, da yawa sun sayar ƙasa da yadda suka saya. 'Yan kasuwar Dawanau sun fi kowa sanin haka.

Wanda ya fi shan wuya kuwa shi ne wanda ya yi ajiyar da kuɗin banki. A watan Nuwamba na 2024 Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, bankunan kasuwa kuwa sama da haka suke ba da rance. Haja tana kwance a sito, bashi yana tafiya dare da rana. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma mai hankali ba ya cin wanda ribar kayansa ba ta iya biya. Ku rage tsawon kwanan kaya a hannunku, ku kuma sa iyaka ga bashin da kuke ba abokan ciniki, gama kuɗin da ya kwana wata shida a hannun wani ba ya komowa da ƙarfinsa.

Wuta da Hanya

Masu masana'antu a Sharaɗa, da Bompai, da Challawa sun san abin da wuta ke ci. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na rukunin A zuwa naira 225 kowane ma'auni. Mai injin niƙa ko na casar shinkafa ya kamata ya san kuɗin wuta da na man janareta da ke kan kowane buhu da ya fitar. Sai ya san haka sa'an nan zai iya gane ko sayen na'urar hasken rana zai biya shi.

Fatake kuma su tuna da iyaka. An rufe iyakokin ƙasa daga Agusta na 2019 har Disamba na 2020. An sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yuli na 2023, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024. Kasuwannin Jibiya, da Illela, da Maigatari duk sun ji jiki. Wanda cinikinsa ya rataya ga hanya guda, ko mai saye guda, ran da aka toshe ta sai ya zauna. Ku nemi ta biyu tun ta farko tana buɗe.

Haraji da Rubutu

A watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, aka kuma sa Janairu na 2026 ya zama lokacin fara aiki da su. A cikinsu an yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba. Amma fa wanda ba shi da littafi, da me zai nuna shi ƙarami ne? Ciniki da ka ya yi wa kakanninmu amfani, yau kuwa ba ya isa. Ku ɗauki akawu amintacce, ku adana rasiɗi, ku raba asusun shago da na gida. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya riga ya koya mana cewa mai karɓar biya ta banki yana sayarwa ran da maƙwabcinsa ya rasa mai saye.

Gobara da Ambaliya

Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016. Kasuwar Monday ta Maiduguri ta ƙone a Fabrairu na 2023, sa'an nan ruwa ya shafe ta a Satumba na 2024, bayan ɓallewar madatsar Alau. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Kada mutum ya tara dukan dukiyarsa ƙarƙashin rufi guda. Sarakunan kasuwa kuma su tsaya a kan gyaran wayoyin wuta, da yashe magudanai kafin damina, da barin hanyar da motar kashe gobara za ta bi.

Daga ƙarshe, ga abin da nake roƙon kowa ya yi kafin shekara ta juya. Ya rufe shago yini guda, ya ƙirga hajarsa, ya rubuta bashin da yake bi da wanda ake binsa, ya gwada da na bara. Ya zaunar da babban yaronsa ko ɗansa su yi lissafin tare, domin a sami wanda zai riƙe shagon ran da maigida ba ya nan. In lissafi ya nuna ci gaba, madalla. In ya nuna raguwa, gara a sani yanzu, tun ana iya gyara.

Allah ya ba da kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya.