Saniyar mace ita ce garkuwarta: jawabi a taron makiyaya



Yau maganar matanmu da ɗiyanmu mata za mu yi. Kowa ya san abin da farin 1973 da na 1984 suka yi wa garkunanmu a Nijar. Maza suka tafi ci-rani, mata suka zauna bakin gari suna dakau da wankau. Da ruwa ya dawo, wadda take da akuyarta ta kanta ita ta fara farfaɗowa.

Talaucin tsohuwa tun tana yarinya ake shuka shi. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna cikin ƴan mata huɗu, uku an yi musu aure kafin shekara 18, kuma mace ɗaya tana haihuwar ɗiya bakwai ko fiye. Yarinyar da ba ta shiga lakkwal ba, ga goyo ga ciki, sana'arta guda ce, tallar nono. Ranar da muka sayar da saniyar tatsa, mun kashe mata kasuwa. In saki ya zo ko mutuwar miji, sai ta fita da ƙorai kawai.

Don haka muna kira ga abu biyar.

Na ɗaya, saniyar sadaki ta mace ce. A ba ta gaban shaidu, kada a sayar sai da yardarta. Ku fatake da dillalai, ku tambayi mai ita kafin ciniki.

Na biyu, a raba gado yadda addini ya ce. Matar mamaci mai ɗiya tana da tumuni, ɗiya mace tana da rabin rabon namiji, cikin shanu ma haka.

Na uku, mu ba zawarawa habbanaye kamar yadda muke ba maza.

Na huɗu, a bar yarinya lakkwal. Dokar gwamnati ta 2017 ta ce a kare karatunta har shekara 16. Wadda ta iya lissafi ba a cutarta a kasuwa.

Na biyar, mu bar mata su shiga asusu irin na Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maradi a 1991.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyaye dukiyarmu. Wassalamu alaikum.