Tsibirin Karita: Abin da Kango Ya Koya Mana

Yau za mu yi magana a kan Karita, babban tsibirin ƙasar Girka, inda muka kai ziyara tare da waɗansu masu bi. A wannan tsibiri ne Manzo Bulus ya bar Titus domin ya naɗa dattawan ikkilisiya a kowane gari.

Kusa da birnin Hirakliyon akwai kangon fadar Kinosos. Wani Baturen Ingila, Arthur Evans, ya fara tono ta a shekarar 1900. Ɗakunanta sun wuce 1,000, ga lunguna ko ta ina, har baƙo yana iya ɓata. Girkawa suna da tatsuniya cewa Sarki Minos ya sa an gina gidan ruɗani a nan, ya ajiye dodo mai jikin mutum da kan bijimi. Ana kawo masa samari 7 da 'yan mata 7 daga Atina ya cinye. Sai wani jarumi, Tisiyas, ya shiga, 'yar sarki kuwa ta ba shi ƙullin zare, yana tafiya yana warwarewa. Tatsuniya ce kawai, amma mu lura: da takobi ya kashe dodon, da zare kuma ya sami hanyar fita.

Masu tono sun kuma sami allunan yumɓu masu rubutu iri biyu a tsibirin. A 1952 Michael Ventris ya gane ɗaya, ashe tsohon Girkanci ne. Ɗayan, wanda ya fi tsufa, har yau ba wanda ya iya fassara shi, gama masu wannan harshe sun ƙare. Rubutun yana nan, mai ji babu.

Amma waƙoƙin baiti biyu da Karitawa ke kira mantinada suna nan da ransu. Ana rera su a wurin biki da wani abin kiɗa mai tsirkiya uku, mai kama da goge. Ba a kan dutse aka ajiye su ba, yara ne suka ji daga bakin manya.

To, 'yan'uwa, a Ayyukan Manzanni sura 2, Karitawa suna cikin waɗanda suka ji al'ajaban Allah da harshensu a ranar Fentikos. Allah bai raina harshen kowa ba. A wasiƙar Titus sura 2 kuma, an umarci tsofaffin mata su koya wa mata masu tasowa abin da ke mai kyau. Ashe koyarwa daga gida take farawa.

Mu da muke sujada da Hausa, muna kuma da harshen iyayenmu, mu tambayi kanmu: yaranmu sun iya addu'a da harshen kakanninsu? Duniyar da za su shiga tana da lunguna da yawa. Idan ba mu miƙa musu zaren ba, wa zai miƙa? A daren nan, bayan cin tuwo, mu tara su, mu karanta Maganar Allah, mu bayyana musu ita da harshen gida, mu koya musu waƙa ko da ɗaya ce.

Sai mako mai zuwa, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku. Amin.