Masu Gadin Zamani: Jawabi Ga Taron Ƙungiyarmu A Mubi



Duk wanda ya taɓa riƙe shago a kasuwar Mubi ya san aikin mai gadi. Da dare yakan bi rumfa-rumfa yana jijjiga kwaɗo, in ya tarar da wanda bai kama ba, gari na wayewa sai ya sanar da mai shi. To jama'a, yau dukiyarmu ba a rumfa kaɗai take ba. Tun ƙarancin takardun naira na shekarar 2023, cinikinmu da yawa, har na kasuwar shanu, ya koma ta waya da POS. 'Ya'yanmu da ke Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa a nan Mubi, ta shafin intanet suke rajista. Kowane shafi kuwa yana da ƙofofi, kuma ɓarawo ba ya sallama.

Masu gwada tsaron shafi suna da kayan aikinsu, irin su Burp Suite da ZAP. Suna tsayawa ne tsakanin mai shiga da shafin, su ga saƙon da ke kai da komo. Misali, mai gwaji ya canza lambar rasiɗinsa da lamba ta gaba. In rasiɗin wani ya fito, to kwaɗo bai kama ba ke nan. A da mutum ne ke yin wannan da hannu, kwana da kwanaki. Yanzu ana damƙa kayan nan ga na'ura mai ƙirƙirarriyar basira, ta gwada, ta karanta amsa, ta sake dabara da kanta, ba barci ba gajiya.

Ba tatsuniya muke yi ba. A 2024 na'urar Google mai suna Big Sleep ta gano ɓaraka a manhajar SQLite. A 2025 wata mai suna XBOW ta hau saman jerin masu farautar ɓaraka na Amurka a dandalin HackerOne. Amma fa wuƙar da ta yanka rago ita ke yanka yatsa: a Nuwamban 2025 kamfanin Anthropic ya bayyana cewa wasu maƙetata sun yi amfani da na'urarsa wajen kai farmaki kan hukumomi da kamfanoni kimanin 30.

Saboda haka muna da kira guda uku. Na farko, duk wanda zai biya a yi masa shafin kasuwanci ko na makaranta, ya tambaya: wa ya gwada kwaɗon? Na biyu, kada a gaskata rahoton na'ura ido rufe, don takan ga ɓaraka inda babu; sai masani ya tabbatar. Na uku ga samarinmu: wannan sana'a ce mai ci, ku koye ta, amma kada ku taɓa shafin kowa sai da izininsa a rubuce. Dokar laifuffukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta tanadi ɗauri ga mai kutse. Mu da muka zo cin arziki, sunan ɗayanmu in ya ɓaci, na kowa ne ya ɓaci.

Rigakafi dai ya fi magani.