Jawabin Shugabar Kwamiti Wajen Ƙaddamar da Zauren Waya na Masu Jinyar Gigin Tsufa a Gumel



Wakilin Mai Martaba Sarkin Gumel, Alhaji Ahmad Muhammad Sani II, Allah ya ja zamanin Sarki, wakilin Mai Girma Gwamna Malam Umar Namadi, shugabannin ƙananan hukumomin Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, hakimai, dagatai da masu unguwanni, limamai, malaman Kwalejin Ilimi ta Gumel, ma'aikatan Babban Asibitin Gumel, iyayena mata da 'yan'uwana, barkanku da zuwa.

Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari na lokacin jinyarsu mata ne ke bayarwa. A nan ƙasarmu ta Lautai ba sai an ƙirga mana ba. 'Ya ce, ko matar ɗa, wadda tsohuwa za ta ci tuwo a hannunta, ta juya ta ce tun jiya ba a ba ta abinci ba. Ita ce ke kwana a bakin ƙofa kada Baba ya fita da tsakar dare neman gonar da aka sayar tun tuni.

Alhamdulillahi, kwamiti ya yi aiki. Mun ɗauko darussan iSupport, shirin da waccan hukuma ta fitar a intanet domin masu jinya, muka mayar da su saƙon murya, saboda ba kowa ke karatun boko ba. Mun buɗe zaure a WhatsApp, na mata daban na maza daban. Mun horar da ma'aikatan jinya masu amsa kira, waɗanda za su tura mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure idan abin ya fi ƙarfinsu.

Samarin da ke can baya, ku ajiye hirar nan. Maganar kakanninku ake yi, kuma wallahi kada in sake jin yaro ya kira tsohuwa mayya don ta ruɗe.

Ranka ya daɗe, bari in ajiye takardar nan. Ni na yi jinyar mahaifiyata, Allah ya jiƙanta. Ranar da ta dube ni ta ce, "Baiwar Allah, 'yar gidan wa ce ke?" bayan ɗaki na zaga na yi kuka, ban gaya wa kowa ba. Wa za ki gaya wa kin gaji da uwarki? Sai a ce ba ki neman albarka. Wannan kukan muke so ya sami mai saurare.

To amma saurare sai da kuɗin data, a nan gizo ke saƙar. Matar da ke ƙauyen Gagarawa, wadda jinya ta hana ta ko suyar ƙosai, da me za ta sayi kati? Wayar ma ta maigida ce, cajinta sai an kai shago an biya. Ma'aikatanmu daga albashinsu suke kiran mutane, kuma haka ba zai ɗore ba. An sha yi mana alkawari a kan mumbari, a tafa, a watse, shiru. Shugabannin ƙananan hukumomi, ku huɗu ne. Ku sa mana kuɗin data da na kira a kasafinku, a rubuce, wata-wata. Attajiranmu na kasuwar Maigatari, kuɗin la'adar sa ɗaya ranar Alhamis zai riƙe waya a gidaje da yawa. Mazaje kuma, ku bar wa matan wayar da daddare, lokacin ne abin ya fi tsanani.

Takardar alkawari tana hannun sakatare a bakin ƙofa. Don Allah kowa ya sa hannu kafin ya fita.