Dila a Gonakin Arewacin Kano

A gandun dajin Yellowstone na Amurka, inda aka mayar da kyarkeci a 1995 bayan ya ɓace na kusan shekara 70, masu yawon buɗe ido sukan yi sammako cikin dusar ƙanƙara domin su hango shi daga nesa. Ƙasar Dambatta da Bichi da Kunchi ba ta da irin wannan gandu, domin noma ya daɗe da cinye daji, amma idan hunturu ya kama, an girbe gero da dawa an kwashe kara, mai lura yakan ga sawun dila a ƙurar bakin fadama, mai kama da na kare amma ya fi shi tsukewa. A 2015 binciken ƙwayoyin halitta, wato sinadaran gado da ke cikin jiki, ya nuna cewa dila mai ruwan zinariya na Afirka ya fi kusa da kyarkecin Turai a kan dilan Asiya. Manomi yana ƙin dila saboda kaji, alhali ɓeraye da fara da yake ci su ne masu ɓarnar amfani, kuma abin takaici ne yadda farauta da karnuka da ƙona ciyawa a rani suke rage shi.