Allura Da Zare Sun Fi Waya Amfani Ga Mai Jiran Jarrabawa

Ana saura 'yan makonni a shiga jarrabawar WAEC ne 'yan'uwa ɗalibai na yankin Taba suka shirya wani zama, inda suka gayyato wani ɗan'uwa malamin sakandare domin ya yi masu nasiha. Ɗalibai sun halarta daga Kudan da Hunkuyi da Maƙarfi, har da wasu daga Ikara. Da yawansu sun zo da biro da takarda, suna zaton za a ba su sirrin cin Turanci da Lissafi ne. Sai ga shi Malam ya zaro hula rabin ɗinki daga aljihu, allura na soke a jikinta, ya ce a kan wannan zai yi magana.

Bayan ya yi salati ga Manzon Allah (S), Malam ya fara da cewa ya san halin da ɗalibi yake shiga daga watan Afrilu zuwa Yuli. JAMB tana gaba, WAEC na bin ta, kafin a huta NECO ta iso. Kuma daidai lokacin ne ruwa yake sauka, mahaifi na jiran a fita shuka. Ga kuɗin rajista da wani sai da aka sayar da buhun masara ko akuya aka biya masa. "Wannan nauyin," in ji shi, "shi kake ɗauke da shi a ka duk lokacin da ka buɗe littafi, shi ya sa kake karanta shafi ɗaya sau uku ba ka san me ya ce ba."

Ya tuna masu cewa a jarrabawar JAMB ta 2025, fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi ne ba su kai maki 200 daga cikin 400 ba, kuma hukumar da kanta ta amsa cewa an samu matsalar na'ura a wasu cibiyoyi. A shekarar ce kuma aka jinkirta takardar Turanci ta WAEC har wasu suka rubuta ta da dare da fitila. Ya ce irin waɗannan ba a hannun ɗalibi suke ba. Abin da ke hannunsa shi ne ya isa ɗakin jarrabawa da hankalinsa a jikinsa.

Daga nan Malam ya juya kan yadda samari ke kashe kansu da sunan karatu. Wani zai tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi don kada barci ya ɗauke shi. Wani goro da Nescafe har Asuba. Wani kuma, wa'iyazu billahi, abokai sun ja shi zuwa ga ƙwaya, wai tana buɗe kai. Ya ce likitoci sun tabbatar a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take jera abin da aka karanta da rana ta adana shi, kuma saurayi mai shekarun sakandare yana bukatar awa takwas zuwa goma. Wanda ya hana ta barci kamar mai ɗura ruwa ne a tulun da ya huje. Ya kawo ƙissar Salmanul Farisi (RA) da ya kwana gidan Abu Darda'i (RA), ya hana shi raya dare gaba ɗaya, ya nuna masa jikinsa da iyalinsa ma suna da haƙƙi a kansa, kuma Manzon Allah (S) ya gaskata Salmanu. Idan ibada ma an yi mata iyaka saboda jiki, ina ga haddar Kimiyya?

To amma, in ji Malam, matsalar ita ce ko an ce wa yaron yau ya huta, waya zai ɗauka. Ya shiga TikTok da niyyar minti biyar, sai kiran Magariba ya tashe shi, ido ya gaji, kai ya cika da shirme, ga haushin kansa da yake ji. A nan ɗalibai suka fashe da dariya, alamar maganar ta taɓa kowa. Ya ce hutun gaskiya shi ne wanda hannu yake aiki, ido yana kan abu ɗaya, zuciya kuma ta saki lissafin maki.

A nan ne ya ɗaga hular. Ya ce duk wanda ya shiga birnin Zariya zai ga magidanta da samari a bakin zaure suna ɗinkin hula ko aikin babbar riga, aska biyu ko aska takwas, kuma da yawansu almajiran ilimi ne, da safe suna gaban malami da littafi, da hantsi suna riƙe da allura. Ya ce magabata ba su ɗauki aikin hannu abokin gabar karatu ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da duk tarin littattafan da ya wallafa, an san shi da tufka igiya. Salmanu yana gwamnan Mada'ina yana saƙar ganyen dabino yana ci daga ciki. Annabi Dawuda (AS) sulke yake ƙerawa.

Ya bayyana cewa ɗinkin hula yana da wani sirri. Dole ka ƙirga huda, ka bi zanen, ka san inda za ka canza zare. Ƙirgar ba ta da wahalar da za ta gajiyar da kai, amma ta isa ta kori tunanin "idan na faɗi fa?" Kuma kana tashi za ka ga inda ka kai da idonka, saɓanin karatun jarrabawa da sai bayan watanni ake ganin sakamakonsa. Wanda ba ya son allura, ya fere alƙalamin gamba, ya dama tawada da ƙaro, ya koyi kyautata rubutu ko zayyanar allo a wajen alaramman unguwarsu. Wani ya yi saƙar kaba, wani ya sami littafi yana rubuta waƙa ko labari. Abubakar Imam yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, yana koyarwa a Midil ta Katsina, ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933.

Sai dai Malam ya gindaya sharuɗɗa, kuma a nan ya ɗan tsananta murya. Minti talatin zuwa arba'in kawai, bayan La'asar, sannan a ajiye. Kada a karɓi aikin kowa da alƙawarin rana, don da zarar mai hula ya fara sintiri, abin ya zama wata jarrabawar. Kada kuma malalaci ya fake da wannan jawabi ya wuni yana ɗinki, ya ce Malam ne ya ce.

A lokacin tambayoyi, wani ɗalibi ya miƙe ya ce, "Allah gafarta Malam, mu da muke dawowa daga gonar rake a gajiye, ina muka ga lokacin hula?" Malam ya ce tambayar ta yi ma'ana. Ranar da aka yi wunin gona, barci da wuri shi ne maganin, kada a ƙara wa jiki komai. Amma ya shawarci ɗalibai su sami iyayensu cikin ladabi, ko su haɗa da wani kawu da ake jin maganarsa, a rage masu fita gona a ranakun da suke da takarda washegari. Wani kuma ya tambayi kuɗin kayan aiki, Malam ya ce ƙyallen hula mai zane da allura da zare kala biyu sun isa a fara, kuma mutum uku za su iya haɗa kuɗi su raba zaren.

Kafin a tashi, ɗalibai bakwai suka ba da sunayensu za su riƙa haɗuwa a zauren wani maɗinki bayan La'asar ranakun Litinin da Alhamis. Daga nan aka rufe da addu'a.