Tafawa Ɓalewa A Zauren Majalisa, Da Tambayar Da Ba Mu Yi Wa Wakilanmu

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai



Mai girma Shugaban wannan taro, Shugaban makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, yayyenmu da suka riga mu zama a azuzuwan nan, ƙannenmu da suka biyo bayanmu, da kuma 'ya'yanmu ɗalibai da na hango an jera can baya, ina yi wa kowa barka da zuwa.

Da sakataren ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa an ba ni magana a kan aikin ɗan majalisa, sai da na ɗan yi jim, domin na san a cikin zauren nan akwai waɗanda suka taɓa zama a majalisa, akwai waɗanda ke ciki, akwai kuma waɗanda hotunansu ke wurin mai buga fosta. Saboda haka tun yanzu ina roƙon kada kowa ya tsargu. Allo ɗaya muka kalla, bulala ɗaya muka sha.

Shekarun baya na haɗu da wakilin mazaɓarmu a wajen ɗaurin aure. Bayan mun gaisa na ce, ranka ya daɗe, ƙudurin nan da ake ta magana a rediyo, wane ɓangare ka jefa ƙuri'arka? Sai ya shiga lissafa mini rijiyoyin burtsatse da ya haƙa, da babura da kekunan ɗinki da ya raba, da yaran da ya biya wa kuɗin jarrabawa. Na ce madalla, Allah ya saka, amma ƙuri'ar fa? Ya yi dariya ya ce, “Malam, tun da na shiga majalisa kai ne mutum na farko da ya taɓa yi mini wannan tambaya.” Ban ga laifinsa sosai ba. Abin da muke tambaya shi yake kawowa.

Domin in nuna abin da nake nufi da aikin majalisa, zan ɗauki mutum guda wanda kowa ya san shi, hotonsa na jikin takardar naira biyar, wato Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa. Yawancinmu a matsayin Firayim Minista muka karanta shi. Amma kafin ya kai nan sai da ya yi shekara goma yana ɗan majalisa, kafin nan kuma malamin makaranta ne kamar da yawa daga cikinmu. An haife shi a 1912, ya yi Kwalejin Katsina daga 1928 zuwa 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa har ya zama hedimasta, sa'an nan ya tafi Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Da ya dawo a 1946 sai ya tarar da tsarin mulkin Gwamna Richards, aka tura shi Majalisar Wakilai ta Arewa a Kaduna, daga can kuma a 1947 aka tura shi Majalisar Dokoki ta ƙasa a Ikko.

Ya kamata mu fahimci irin majalisar da ya shiga a Kaduna. Ba talakawa ne suka yi layi suka zaɓe shi ba. Hukumomin En'e ne ke fitar da yawancin wakilan 'yan ƙasa, a gefe ɗaya kuma ga Razdan-Razdan da sauran manyan Turawan mulki zaune a matsayin 'yan majalisa su ma. Wato dai wanda ya aike ka yana gida yana sauraro, wanda ke riƙe da shi kuma yana zaune kusa da kai. A irin wannan zaure, a watan Agusta na 1950, Malam Abubakar ya miƙe ya gabatar da ƙuduri cewa a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin mulkin En'e baki ɗaya, a gyara shi. Ya soki yadda aka mayar da sarki shi kaɗai ne hukuma, ba ya buƙatar yardar majalisarsa. Ya yi magana a kan cin hanci da gaisuwar da ake tatsa daga talaka, da yadda talakan nan bai san haƙƙinsa ba, ba shi kuma da inda zai kai kuka.

'Yan'uwa, a duba shekarar. A cikin wannan wata na Agusta ne aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, kuma mun san abin da 'yan NEPU suka sha daga baya a kan irin waɗannan maganganu. Shi kuwa ya faɗe su ne a cikin zaure, gaban Turawa, akawu na rubutawa, alhali gobe zai koma Bauchi ya zauna da waɗanda maganar ta shafa. Ƙudurin da ƙyar ya tsallake, sarakuna da yawa kuma ba su ji daɗinsa ba. Amma a dalilinsa gwamnati ta sa jami'anta biyu, Maddocks da Pott, suka zagaya larduna suka rubuta rahoto, aka zo aka soke tsarin nan na sarki shi kaɗai, aka ɗaure shi da majalisarsa, har aka kai ga Dokar En'e ta 1954. Ba zan ce gyaran ya kai inda talaka yake so ba, bai kai ba. Amma ƙofar da aka daɗe da garƙamewa ranar nan aka fara taɓa sakatarta.

Abin da ya sa nake iya ba ku wannan labari bayan shekara saba'in da ɗoriya shi ne an rubuta. Kowace majalisa irin ta tsarin Ingila tana da littafin muhawara da ake kira Hansad, inda ake ajiye abin da kowane wakili ya faɗa da sunansa da kwanan wata. Littafin nan ba ya son kai, shi ya sa ba abin yabo kaɗai ke ciki ba. A cikinsa ne za ka ga a 1947, a Ikko, Malam Abubakar yana cewa haɗin Kudu da Arewa da aka yi a 1914 bai wuce kan takarda ba. A ƙarshen Maris na 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya nemi a cire shekarar a sa “da zarar hali ya yi”, shi Malam Abubakar yana minista, yana kuma tare da 'yan'uwansa wakilan Arewa a kan cewa lokaci bai yi ba. Aka yi musu ihu a titunan Ikko, abin da ya haifar da tarzomar Kano a watan Mayu. Wannan mutumin dai shi ne a 1957 da ya zama Firayim Minista ya jawo jam'iyyar Action Group cikin gwamnatinsa, shi ne kuma a Janairun 1960 ya gabatar da ƙudurin neman 'yancin kan Nijeriya a ranar 1 ga Oktoba. Mai karanta littafin daga farko zuwa ƙarshe zai ga mutum yana sauya ra'ayi a bainar jama'a, zai ga yaushe ya sauya, zai kuma iya yanke wa kansa hukunci ko hujja ce ta sauya shi ko kujera. Ni a ganina hujja ce, amma ba dole ku yarda da ni ba, littafin na nan.

Akwai kuma shafin da har gobe ake jayayya a kansa. Ranar 29 ga Mayu, 1962, bayan rikicin Awolowo da Akintola ya kai ga jifa da kujeru a majalisar Ibadan, Firayim Minista ya kawo ƙudurin kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, majalisa ta amince, aka naɗa Dokta Majekodunmi kantoma har ƙarshen shekarar. Wasu na cewa ba makawa ne, wasu na cewa dama ce gwamnati ta samu ta karya 'yan hamayya, kuma daga nan ne igiyar da ta shaƙe jamhuriya ta farko a Janairun 1966 ta fara ƙullewa. Ina da nawa ra'ayin, ina ganin an yi gaggawa. Amma ko mai yabo ko mai suka, kowa ya san inda mutumin ya tsaya ranar nan.

To, yanzu mu dawo gida. A Majalisar Tarayya ta wannan jamhuriya da aka fara a 1999, mai sanatoci 109 da wakilai 360, yawancin hukunci da murya ake yanke shi. Shugaba ya ce masu goyon baya su ce e, marasa goyon baya su ce a'a, ya saurara, ya buga guduma. Wakilinka ko ya ɗaga murya, ko ya yi shiru, ko yana ofishin wani minista yana bin kwangila, babu takardar da za ta nuna. In abin ya yi kyau ya ce da shi aka yi, in ya ɓaci ya ce shi ya ƙi aka fi ƙarfinsa.

Sau ɗaya-ɗaya ne ake yaye wannan labule, kuma duk ranar da aka yaye sai an ga bambanci. A watan Mayu na 2006, lokacin neman tazarcen Shugaba Obasanjo, an nuna muhawarar Majalisar Dattijai kai-tsaye a talabijin a ƙarƙashin Ken Nnamani, kowane sanata ya miƙe mutanen garinsu na kallonsa, ranar 16 ga wata aka yi watsi da gyaran tsarin mulkin. Ranar 15 ga Yuli, 2021, aka zo kan batun aika sakamakon zaɓe ta na'ura. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo gyara cewa hukumar zaɓe ba za ta yi haka ba sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar akwai isasshen sabis, Majalisar Tarayya kuma ta amince. Aka yi ƙuri'ar murya, aka buga guduma, sai shugaban marasa rinjaye, Sanata Abaribe, ya ce bai yarda ba, a kira suna. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Mutum 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi, 28 kuma aka kira ba su nan. Washegari sunaye suka fito a jaridu. A watan Oktoba na shekarar majalisar ta janye matsayinta ta bar wa hukumar zaɓe ikon, Shugaba Buhari kuma ya sa hannu a dokar ranar 25 ga Fabrairu, 2022. Ni 28 ɗin nan da ba su nan sun fi damuna fiye da duka ɓangarorin biyu, domin mai e da mai a'a kowa ya ɗauki nauyi.

Sai kuma a kwatanta da Maris na 2025, da Shugaba Tinubu ya kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ya dakatar da Gwamna Fubara na wata shida. Sashe na 305 na tsarin mulki ya ce sai kashi biyu cikin uku na dukkan 'yan kowace majalisa sun amince, wato sanatoci 73 da wakilai 240. Ranar 20 ga wata duka majalisun biyu suka amince da murya. Na koyar da lissafi na ɗan lokaci a ƙaramin aji, amma har yau ban gano yadda kunne ke ƙirga 240 ba. Ba ina magana a kan dacewar dokar ko rashin dacewarta ba ne. Ina cewa ɗalibin da ke zaune can baya, in ya girma ya so sanin inda wakilin garinsu ya tsaya ranar nan, babu inda zai duba.

Wani zai ce ai wakilai 360 ne, ba kowa zai samu damar magana ba, kuma yawancin aiki a kwamiti ake yi. Gaskiya ne. Wani kuma zai ce mutanenmu na fama da ƙishirwa, rijiya ta fi musu Hansad. Wannan ma ban musa ba, na sha ruwan burtsatsen da na ambata. Sai dai rijiya aikin ƙaramar hukuma ce da ma'aikatar ruwa, kuma kuɗin da za su yi ta a kasafin da wakilin nan ke amincewa da shi yake. Ƙuri'a kuwa babu mai jefa ta a madadinmu sai shi. Tsarin mulki ma ya ɗauki zaman da muhimmanci: sashe na 63 ya ce kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara, sashe na 68 kuma ya ce wanda ya yi fashin fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin zama ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba ya rasa kujerarsa. Mu da aka kora gida saboda fashin mako biyu mun san ma'anar rajista.

Ranka ya daɗe Shugaba, ga abin da nake roƙon wannan ƙungiya. Mun saba duk shekara mu gayyaci 'yan'uwanmu da ke majalisa, mu ba su lambar yabo, su yi mana alkawarin gyaran ɗakin gwaje-gwaje ko katanga. A ci gaba da yi, makaranta na buƙata. Amma ina ba da shawara daga baɗi, duk ɗan ƙungiyar nan da ke majalisa, ta tarayya ko ta jiha, a nemi ya aiko wa editan mujallarmu shafi guda: kwana nawa ya halarci zama, wane ƙuduri ya kawo kuma ina ƙudurin ya kwana, wane kwamiti yake ciki, sa'an nan a manyan batutuwa uku ko huɗu na shekarar, e ya ce ko a'a, ko da da murya aka yi. A buga yadda ya rubuto, ba gyara ba sharhi. Wanda bai aiko ba a bar shafinsa da sunansa a sama. Na kuma roƙi malamin tarihi da mai kula da ƙungiyar muhawara su riƙa karanta wa ɗalibai waɗannan shafuka, tare da jawabin Malam Abubakar na 1950 in an samo shi daga ma'ajiyar tarihi ta Kaduna.

Na rubuta wannan shawara a takarda na miƙa wa sakatare domin a sa ta cikin ajandar zaman yamma. In an zo kanta, ina roƙon Shugaba kada a yi ta da murya, a ɗaga hannu a ƙirga.

 Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya mai da kowa gidansa lafiya.